Jar Saniyar Sada

A Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, idan ka tambayi gidan Malam Maikano za a ce maka, "Maikano mai takarda?" sannan a nuna maka hanya. Laƙabin ba na yabo ba ne, shi ma kuma ya sani. Dogon mutum ne siriri, ya ba shekara sittin baya, Bafulatanin da Fillanci ya gudu ya bar shi da dogon hanci da kalmomin da ba su fi goma ba. Yana noman dawa da riɗi, yana da 'yan shanunsa a bayan gida, dukkansu farare sai guda ɗaya ja mai dogayen ƙahoni. Wannan jar saniya ce ta sa na ɗauko labarinsa, amma sai an faro daga ubansa za a gane shi.

Uban nasa, Abdulsalami, makiyayi ne na gaske. Da damina ta sauka, gonaki suka rufe ko'ina, sai ya kora garke arewa, ya bi burtali ta Kiyawa da Gumel, mako uku yana tafe har ya shiga Nijar. A zamanin ba wanda ke cewa an tsallaka wani abu. Kana gane ka shiga ƙasar wasu ne idan ka ji ana kiran makaranta lakwal, ana ba ka shayi mai ɗaci a ƙaramin kofi. A can, a bakin wata rijiya bayan Dungas, Maikano ya haɗu da Sada, sa'ansa, ɗan masu rijiyar. Ranar farko dambe suka yi a kan wanda zai fara zura guga. Kafin damina ta ƙare a ƙwarya ɗaya suke shan fura.

Shekarar canjin kuɗi, 1984, gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa. Abdulsalami bai ji ba, ko ya ji bai ga abin da ya shafi shanu ba, ya bi hanyarsa ta kullum. A komowa ne wasu masu kaki suka tare su a daji, har yau Maikano bai san na wane ɓangare ba ne. Suka ce, "Ina takardarka?" Tsohon ya ce shi bai da takarda, hanyar kakanninsa ce. Suka ware shanu goma sha ɗaya suka kora, sannan suka sa dattijo mai furfura tsallen kwaɗo a gaban ɗansa, suna dariya. Maikano yana da shekara ashirin da biyu, da sanda a hannunsa, bai iya yin komai ba. Uban bai ƙara zuwa arewa ba, bayan shekara biyu ya rasu. Abin da ɗan ya ɗauka daga wannan rana shi ne, rashin takarda ne ya wulaƙanta ubansa. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin ko mugunta ce kawai ba.

Shekara goma sha shida bai taka Nijar ba. Sada ne yakan zo, idan ya kawo dabbobi kasuwar Maigatari sai ya hau mota ya ƙaraso, ya kwana biyu ya koma.

Sai ga Malam Cornelius ya shigo rayuwarsa. Mutumin Filato ne, Kirista, yana koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Birnin Kudu, Hausarsa tas kamar Bakano. Wajen Hapsatu, matar Maikano, yake sayen nono, ta nan sabo ya shiga tsakaninsa da maigidan. Wata rana a rumfar mai shayi Maikano ya ba shi labarin tsallen kwaɗon. Malam Cornelius ya ajiye kofi ya gyara zama, irin na malamin da ya samu ɗalibi mai saurare bayan shekaru yana fama da masu gyangyaɗi.

"Malam Maikano, wannan zamanin ya wuce," in ji shi. "Tun 1975 ƙasashen nan suka kafa ƙungiyar ECOWAS. Yanzu ma sun fito da takarda ta musamman don makiyaya. A rubuta yawan shanunka da allurar da aka yi musu da ƙofar da za ka bi, a buga hatimi, ba mai taɓa ka."

"In kuma shugabannin suka yi faɗa fa, Malam?"

Nan fa aka taɓo wa Malam Cornelius inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce masana sun rabu biyu. Wasu suna ganin shugabanni ne za su zauna su haɗe ƙasashe daga sama, gwamnati ɗaya, tuta ɗaya. An gwada, in ji shi. Senegal da Mali sun gwada, ko shekara biyu ba su yi ba aka watse. Senegal da Gambiya sun gwada, shekara bakwai kowa ya kama gabansa. Wasu masanan kuma suka ce a bar shugabanni da tutocinsu, a fara daga ƙasa. A bar shanu su wuce, motocin albasa su wuce, mata 'yan kasuwa su wuce, a ja wayar lantarki daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kowanne zare ne. Idan zaren ya yi yawa ya zama igiya, shugabanni ko sun so ba za su iya kwancewa ba.

"Ka san wutar da suke sha a Yamai daga Kainji take tafiya?" ya ce yana buga tebur. "Wa zai yanke wannan waya? Wa?"

Maganar igiya ta shiga kan Maikano, don shi mai tufka igiya ne. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin Gwaram da Birnin Kudu da Dutse har ya samu takardar. Da damina ya kora shanunsa ya nufi ƙofar Maigatari da rana tsaka, ya miƙa ta da hannu biyu. Jami'in ya duba ya buga hatimi ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Baba." Maikano ya wuce yana share ido da hannun riga, yana cewa da ma tsoho yana raye.

Daga nan ya zama abin da ya zama. Ya naɗe takardar a leda biyu, yana sabunta ta duk shekara. Wajen suna, wajen ɗaurin aure, har wajen zaman makoki, sai ya jawo maganar takarda. Yana ce wa makiyaya su daina bin daji kamar ɓarayi. Su kuwa suna jin sa suna murmushi, don suna tsallakawa ta inda suka ga dama ba abin da ya same su, shi kuma mai hatimi ba a fasa tambayarsa na goro ba. Amma ka faɗa masa haka ka ga ɓacin rai.

A 2017 ɓarayin shanu suka kore garkensa kaf, ranar da ya tafi kasuwar Sara. Ba a ga ko kofato ba. Mutumin da ya tashi cikin shanu ya wayi gari da turaku da kashin shanu a bayan gida. Ya daina fita majalisa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Bayan wata guda wata motar ɗaukar kaya ƙirar kanta ta tsaya a ƙofar gidansa. Sada ya sauko, ya sauke jar karsana, ya miƙa masa igiyar a gaban maƙwabta, ya ce kalma ɗaya daga cikin 'yan kalmomin Fillancin da suka rage musu: habbanaye. Al'ada ce tsohuwa. Idan ɗan'uwanka ya rasa dukiya sai ka ara masa karsana. Ya riƙe ta har ta haihu sau uku, 'yan maruƙan nasa ne, uwar kuma ta koma gidansu. Ba ya sayar da ita, ba ya yanka ta, yana kula da ita fiye da tasa. Ranar mayarwa kuma ba a aiko ta. Da kanka za ka kai ta, da sabuwar igiya, da rana, mutane suna gani, mai ita ya shafa bayanta ya ga yadda ka riƙe amana, ya sa maka albarka. Wannan rana ita ce duk ladan mai bayarwa, ita ce kuma mutuncin mai karɓa. Wanda bai mayar ba, jikokinsa ma sai an goranta musu.

Maikano ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa. Da rani, lokacin da gidan ke cin tuwo sau ɗaya, ita ba ta rasa dusa da harawa ba. Ta haifi mace, ta ƙara mace, ta uku namiji. Da aka rufe boda a 2019 saboda shinkafa bai damu ba, lokacin mayarwa bai yi ba, Malam Cornelius kuma ya ce tari ne kawai, zai wuce. Ya kuwa wuce. Da daminar 2023 ta shigo an yaye ɗan maraƙi na uku, Maikano ya tufka igiyar rama sabuwa fil, ya sabunta takarda, ya yi magana da mai mota.

A ƙarshen watan Yuli sojoji suka ƙwace mulki a Yamai. Shugabannin ECOWAS suka taru suka ce a rufe iyaka da Nijar. Maikano ya ji a rediyo, ya ce wannan tsakanin manya ne, shi yana da hatimi. Ya ɗora saniya a mota ya tafi Maigatari.

Ya tarar da ƙofar a rufe, manyan motoci sun yi layi, albasa tana ruɓewa tana wari. Ya kwance leda ya miƙa takarda. Jami'in, wani mai sauƙin kai, ya karanta har ƙasa ya mayar masa.

"Baba, takardarka lafiya lau take. Amma an rufe."

"Ai ta ECOWAS ce, ɗana."

"To ai ECOWAS ɗin ce ta rufe, Baba."

Maikano ya mayar da takarda cikin leda. Wani ɗan acaɓa da ke jin su ya jawo shi gefe ya nuna masa gabas da haɓa. Ya ce ga hanya can ta cikin gero, tafiyar awa biyu a ƙafa, kowa ta nan yake bi, har buhunan masara. Ya ce in Baba yana so a nuna masa bakin hanyar kyauta. Maikano ya dube shi sama da ƙasa ya ce saniyar amana ba ta komawa gida ta hanyar ɓarayi. Ya sa aka juya mota. Tun daga Maigatari har Farin Dutse, tafiyar yini guda, jar saniya ta je ta ga boda ta dawo. Mutanen gari suka samu abin dariya na wata guda.

Ya je wajen Malam Cornelius, wanda a lokacin ya yi ritaya yana tsaron ɗan shagon littattafai kusa da tasha.

"Malam, wayar nan ta Kainji fa?"

Malam Cornelius ya cire tabarau ya goge. "Sun yanke ta," ya ce. "Amma barazana ce. Mako biyu, in ya yi yawa wata ɗaya."

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Da kaka Iliyasu, babban ɗan Sada, ya bugo waya ya ce ɓarin jikin Baba ya shanye, an kwantar da shi a gida. Bayan kwana kaɗan saƙon murya ya shigo wayar maƙwabci. Muryar Sada ce, harshen ya yi nauyi, sai an kasa kunne. "Maikano, ka kawo mini ita in gan ta. Ba don na matsu ba. Ina so in ga yadda ta zama a hannunka." Maikano ya sa aka maimaita masa sau uku, sannan ya mayar da amsa cewa ana buɗewa ranar zai taso.

Hapsatu, wadda shekara talatin da biyar ba ta ɗaga masa murya ba, ta ajiye ƙwaryar da take wankewa.

"Malam, ina tambaya. Mutum ne ya ara maka saniyar nan ko gwamnati?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. An cire amfanin gona, hanya a buɗe take. Jiya matar maƙwabcinmu Khuzaima ta dawo daga biki a Magarya, can Nijar, da goyo a bayanta. Kai da ƙafafunka biyu kana zaune kana jiran rediyo."

"In bi daji a tare ni? A sa ni abin da aka sa tsoho? Shekara ashirin ina ce wa mutane su bi ta ƙofa, yau a gan ni ina sanɗa a bayan kara?"

"To ashe ba Sada kake ji ba," in ji ta. "Bakin mutanen Farin Dutse kake ji."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi kwana uku ba ya mata magana. Ni dai har yau idan na tuna wannan wuri raina ɓaci yake. Mutumin nan ba macuci ba ne, ko a mafarki bai taɓa nufin riƙe saniyar wani ba. Kullum da safe sai ya goge mata jiki, ya cire mata kaska, ya ce mata saura kaɗan. Amma ya ɗauki ƙa'idar iyayensa ta a mayar da amana a fili, ya haɗa ta da ƙa'idar mutanen da ba su san yana duniya ba, ya ɗaure kansa da su tamau.

A watan Janairu rediyo ya ce Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Maikano ya hau babur ya tafi Birnin Kudu. Ya tarar da Malam Cornelius zaune, tsohon littafin da ya yi shekaru yana koyarwa da shi a buɗe a cinyarsa.

"Babi huɗu ne a nan kan yadda ƙasashe ke haɗuwa," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Yadda suke rabuwa ko shafi ɗaya bai cika ba, kuma ban taɓa kawo shi a jarrabawa ba. Malam Maikano, ka yafe mini. Ka bi ta daji."

"Kai ne kake faɗa mini haka?"

"Ni ne. Zaren da nake ba ka labari, ai ku ne. Ba ofishinsu ba."

Maikano ya tashi ko sallama bai yi ba. A hanya yana ta faɗa shi kaɗai, wai malamin da ya ci amanar karatunsa. Ya ce ana raɗe-raɗin za a buɗe kafin azumi, abin da ya jira wata shida ba zai ɓata shi saboda mako huɗu ba.

Sada ya rasu a cikin Sha'aban. A waya Maikano ya yi ta'aziyya.

Azumi yana da 'yan kwanaki Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, bayan mako ɗaya da 'yan kai Nijar ta buɗe nata. Maikano ya ɗaura wa saniya sabuwar igiyar, wadda ta fara dusashewa a rataye, ya tafi da azumi a bakinsa. A ƙofar Maigatari ya fito da takarda, aka yi masa alama da hannu ya wuce, ba wanda ya karɓa. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya dubi tambarin da ke samanta ya ce sun fita daga wannan, ya mayar masa, ya ce ya tafi abinsa.

Ya isa ƙauyen su Sada bayan azahar, rana tana dukan ƙeya. Ba a kawo masa ruwa ba saboda azumi, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi, wato darbejiya. Mutane suka taru, liman ya zo. Aka yi addu'a aka shafa. Sannan Maikano ya miƙe ya kama igiya da hannu biyu ya miƙa wa Iliyasu. Saniyar tana tsaye tana sheƙi, ba wanda ya gan ta bai yaba ba.

Iliyasu ya mayar da hannuwansa baya.

"Baffa, ba tamu ba ce."

"Kamar yaya ba taku ba? Ta mahaifinku ce. Ta haihu uku, ga ta na kawo."

Liman ne ya yi bayani, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce da ciwo ya yi tsanani mutane sun fara magana, ana cewa ɗan Najeriya ya cinye saniyar Sada. Maganar ta kai kunnen marigayi. Sai ya sa aka kira liman da dattawa uku, ya ce su shaida, jar saniyar da ke hannun Maikano ya ba shi kyauta halak malak, ba aro ba ce, kada a sa ta cikin gado, kada kuma wani ya ƙara ambaton sunan abokinsa da mugun abu. An raba gado ba da ita ba.

"Ni ban roƙe shi ba," in ji Maikano. "Ni ban ce ya ba ni ba. Ku karɓa don Allah. Ku yanka, ku yi masa sadaka, ku yi duk abin da kuka ga dama."

"Ba za mu tayar da maganar Baba ba, Baffa. In sadaka ce, kai ne mai ita."

Kowa a wurin ya san ma'anar abin. Ba a mayar da habbanaye kyauta sai ga wanda aka fid da rai zai kawo. Sada ya rufa masa asiri ne irin rufin da ake yi wa wanda ya gaza.

Maikano ya matsa kusa da Iliyasu ya rage murya. "Gaya mini tsakaninka da Allah. Ya yarda da abin da ake faɗa? Ya ɗauka na ci?"

Iliyasu ya waiwaya wajen gida. Daga bayan zana Hajjo, uwargidan marigayi, wadda ke cikin takaba, ta amsa.

"Bai taɓa cewa ka ci ba, Malam Maikano. Kullum cewa yake kana hanya. Amma duk ranar Alhamis sai ya sa a fito da shi nan gindin bedin nan, ya fuskanci kudu. Ta bayan gonarmu mutanen Najeriya suke ɓullowa, masu babura, masu jakuna, tsofaffi, har wani makaho da ɗan jagoransa. Yana zaune yana duba su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, sannan ya ce a mayar da shi ciki."

Maikano bai tsaya shan ruwa ba, duk da roƙon da suka yi masa. Ya je kabari ya yi addu'a, ya ja saniyarsa ya juyo.

Tana nan a Farin Dutse har yanzu, bara ma ta sake haihuwa. Ba ya sayar da ita, ba ya bari a yanka ta, shi yake ba ta dusa da hannunsa. Hapsatu ce ke tatsar ta, a ƙwarya daban, ta aika wa maƙwabta. A gidan ba wanda ya hana kowa sha, amma shi Maikano ko a fura aka dama masa da nonon, ya kai baki sau ɗaya zai gane, ya ture ƙwaryar ya tashi.